Makarar Sutinah

"Ni duk wanda na ga dama sai in laƙaba masa suna, kuma ba a haifi wanda zai ji haushina ba." Pak Shuib ke nan. Kowace safiya sai ya faɗi haka a shagon shayin Kadir, a ƙauyenmu na jihar Kedah ta ƙasar Malesiya, yana dangwalar miyar kifi da gurasa.

Kadir asalinsa Ba'indiye ne, don haka Mamak yake ce masa. Kadir bai damu ba, sunan ma a allon shagonsa yake rubuce. Tsoho Teoh, Basine mai gyaran babur, kuwa Apek ne, yakan amsa in ya tashi da fara'a. Amma sunan da ya fi yi wa Pak Shuib daɗi a baki shi ne Indon, wanda ake jifan 'yan Indonesiya masu zuwa ƙwadago da shi. Shi wannan ba a rubuta shi a allo. Wanda aka kira da shi sai dai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Wak Sarmin, dattijo mutumin tsibirin Jawa na Indonesiya, shekara talatin yana aiki a gonakin shinkafarmu, ya taɓa ce masa, "Pak, ai ina da suna. Sarmin."

"Haba Wak, wasa ne! Ga tsohuwar gidana nan, shekara ashirin ina ce mata Indon, ko sau ɗaya ba ta ɓata rai ba. Je ka tambaye ta."

A cewarsa yana da ikon sa wa baƙo suna, tunda kakanninsa bakwai a ƙasar Kedah suke kwance. Ina kaburburan? Ambaliya ta tafi da su. Wace ambaliya? Lokacin ba a haife ka ba. Mu dai abin da muka gani, ya iso ƙauyen nan yana saurayi, maraya, takardunsa cif. Ya auri Rokiah 'yar tsohon liman, yau ga shi har makullin masallaci a hannunsa yake.

Tsohuwar sunanta Sutinah. Shi da kansa ya je ya ɗauko ta lokacin da Rokiah ta yi haihuwar fari, ya ce ya samo mai aiki. Ta yi wanki, ta yi shara, ta goyi yara huɗu, tana kwana a ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Rokiah ta ɗauki sunan a bakin mijinta, yaran suka ɗauka a bakin uwarsu. "Indon, ina takalmina?" Girkinta sukari ya yi masa yawa, kowa na ƙorafi, sai maigida da ke suɗe kwano. Da ƙarfinta ya ƙare, sau biyu Rokiah tana cewa a mayar da ita ƙasarsu. Ya ce a'a, shi mutum ne mai tausayi, kowa ya shaida.

Ran wata Talata da hantsi Sutinah ta rasu, tana tsinke ganyen miya.

Bayan wanka da sutura, Wak Sarmin ya zo da 'yan ƙasarsu uku. Ya ce marigayiya ta bar masa wasiyya: su za su ɗauki makara, in sun sauko ƙofar gida kuma su ɗaga ta sama su jira.

"Jiran me?" in ji liman.

"Ta ce dai mu jira."

"Ku ƙyale su, Malam," in ji Pak Shuib, "al'adun Indon ba sa ƙarewa." Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Suka sauko. Suka ɗaga makara sama da kafaɗa, suka tsaya. Rana na dukan kowa. Liman ya duba agogo, ya yi gyaran murya. Gumi na ɗiga daga haɓar Wak Sarmin, shi kuwa bai kalli kowa ba.

"Wak, ya isa mana."

"Saura kaɗan, Malam."

Sai hular Pak Shuib ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin makara, alhali ko ganye ba ya motsi. Ya duƙa ya bi ta, ya ɓulla ta ɗaya gefen. Ya kaɗe ta, ya sa, ya zagayo. Ta sake faɗuwa. A karo na uku ma bai tsaya wata dabara ba, da hannunsa ya jefa ta, duk muna gani.

"To, mu je," in ji Wak Sarmin.

Rokiah ce ta sauko daga matakala ta tare hanya. Hannunta na ƙamshin kafur, domin ita ta yi wa gawar wanka.

"Abang, mijina, hular nan tana kanka ranar da guguwa ta yaye rufin masallaci, ba ta faɗi ba."

"Kaina ne ya rame, Kiah. Jimami."

Ba ta ƙara kallonsa ba. "Wak, don Allah mene ne wannan?"

"A wajenmu, kafin a fita da mamaci, akan bi ta ƙarƙashinsa sau uku. Bankwana ne. Ta roƙe ni kar in buɗe baki muddin tana numfashi, ban kuwa buɗe ba."

"Su wa ke bi?"

"Ɗan cikin mutum kaɗai. Ba mu hanya, 'yata, uwar mijinki ta yi mana nauyi."