Ƙuri'ar Delu

Tun da aka kawo na'ura mai shelar wanda kowa ya zaɓa, babu mai hira a layi.

Ƙanwar Talatu ta ja mayafinta. "Yaya, kada ki zaɓi Delu. Ɗan daudu ne, kuma duk unguwa za ta ji."

Delu kaɗai ta rantse za ta yaƙi dokar korar yara irinta daga makaranta in ta shiga majalisa. Talatu kuwa tana da Jibo a gida, ɗanta mai ɗaura zani.

Ta danna. Na'urar ta ce, "Talatu Barau: Delu."

Kowa ya waiwayo.

Sai na'urar layin maza ta ce, "Barau Maƙeri: Delu."

Mijin Talatu ne. Ya shekara bai yi wa Jibo magana ba.