Kwano a Firijin Allura

Mai kemis yana tsaka da goge gilashin kanta da gefen rigarsa sai ga mace ta shigo, fuska a ɗaure, ƴar tocila a hannu.

Tun da aka sanar cewa hukuma za ta zagaya shagunan magani na unguwar, abinci ya daina yi masa daɗi. An riga an garƙame wasu shaguna a layin baya. Nasa kuwa shi ne cinsa, shi ne shansa, da shi yake riƙe gida.

"Bismillah, ranki ya daɗe," ya ce, yana jawo kujera.

Ko kallon kujerar ba ta yi ba. Ta nufi ƴar ƙofar kanta, wadda ke cijewa in ba a ɗaga ta da gwiwa ba, ta ɗaga ta wuce ciki.

A kan benci akwai wani tsohon direba da ya zo a gwada masa hawan jini. Ya riga ya naɗe hannun riga, amma da ya ga haka sai ya gyara zama, ya manta da jinin.

Ta fara da saman shelf, inda ake jera magunguna. Ta shafa yatsa ta nuna masa: ƙura. Ta haska bayan kwalaben maganin tari, gizo-gizo ya ruga da gudu kamar shi ma ba shi da lasisi. Sannan ta tura hannu can lungu, inda ba kowa zai san da ajiya ba, ta zaro maganin ɗigon ido.

"Karanta."

Ya matso da shi, ya nesanta shi, ya goge tabarau. "Ya ƙare... watan jiya."

"A idon wa za ka ɗiga shi?"

Ya rantse dama yau ya yi niyyar fitar da shi. Ta jefa kwalbar a kwandon shara, ta dube shi, ta ciro ta da kanta, domin ba nan ake zubar da lalataccen magani ba, shi kuma bai hana ta ba da ta jefa. Gumi ya keto masa ta cikin hula.

Kwalin maganin zazzaɓin yara yana ƙasa jikin taga, rana na gasa shi tun safe. Ta tsaya a kan kwalin tana haska shi da tocila, har sai da ya sunkuya ya ɗauke da kansa, bayansa ya yi ƙara.

Da ta juya wajen firiji, sai ya bi bayanta da sauri. Ya yi tari, ya yaba tocilarta, ya tambaye ta ko za ta sha wani abu mai sanyi. Ta buɗe. Ga allurar masu ciwon suga a jere, ga ma'aunin sanyi ya kife, ga kuma kwanon abincin rana a tsakiya, zaune daram kamar shi ne mai firijin.

Ta buɗe murfin, ta leƙa. Fuskarta ta ƙara haɗewa.

"Ko taɓa shi ma ba a yi ba," ta ce.

Direba ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa.

Sai kuma ta sassauta murya. Ta zagayo gaban kanta, ta jingina, har da ɗan murmushi. Ta ce yaronta ne ke mura, ya taimaka mata da kafso mai ƙarfi, ba sai an je wajen likita ba, ai duk ɗaya ne.

Mai kemis bai taɓa iya ce wa wannan murmushin a'a ba. Hannunsa har ya kama hanyar shelf. Sai ya tuna yaran da ake kawo masa bayan an ɗura musu irin wannan kafson har ya daina yi musu aiki. Ya maido hannun, ya cusa a aljihu.

"Ba takardar likita, ba kafso," ya ce. "Ko za a rufe shagon nan yau."

Direba ya buga cinya. "Namiji!"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kashe tocila.

"Wannan kaɗai ka ci," ta ce. "Sauran duk ka faɗi warwas. Da ni ce mai binciken da za ta zo gobe, da yanzu kana waje kana kallon kwaɗo a ƙofar shago. Ɗauko tsintsiya mu fara, maigida, kafin a tashi yaranmu daga makaranta."