Jan Rubutun Safiya

Tana gama haɗa tagogin biyu na allon kwamfuta ta ci karo da abin da ba ta nema ba.

Mahaifinta, tsohon malamin lissafi, ya fara koyon rubuta manhaja ne bayan rasuwar mahaifiyarta. Kullum sai ya yi ƙorafin kai-komo tsakanin tagar da yake rubutu da wadda kwamfuta ke ba shi amsa nan take, shi ya sa ta cusa masa ta biyun a ƙasan ta farkon. Tana danna maɓallin kibiyar sama don gwaji, tsofaffin umarninsa suka riƙa fitowa. Kowace safiya da layi ɗaya yake farawa: "Kin tashi lafiya?" Ta gwada, kwamfutar ta watso jan rubutu, wai ba ta gane ba.

Wata takwas yana shan wannan amsa, me ya hana shi dainawa? Tausayi ya kama ta, ta ƙara wa manhajar layi uku a ɓoye.

Washegari ya gyara tabarau, ya rubuta gaisuwarsa. Allon ya amsa: "Lafiya lau, ya gajiya?"

Ya juyo ya dube ta.

"Ke kika taɓa wannan?"

"Ni ce, Baba. Na ga kullum masifa take yi maka."

"To mayar mini da masifata," in ji shi a hankali. "Shekara arba'in, mamanki ba ta taɓa amsa mini da daɗin rai ba sai ta sha shayi."