Wa Ke Sa Hannu a Littattafan Tsuruta?

Tsuruta Genzo ya buɗe littafin farko daga tarin da zai mayar wa kamfani, sai ya ga an sa hannu a shafin gaba da baƙar tawada: Minazuki Go. Ya buɗe na biyu, haka. Na uku ma haka. Ya zauna a kan kwali ya yi tagumi.

Duk mai sayar da littafi a garin Matsumoto na ƙasar Japan ya san ƙa'ida. Abin da bai shiga ba, ka ɗaure ka mayar wa kamfanin da ya buga. Amma wanda marubuci ya sa wa hannu ya zama naka har abada, ko ka sayar ko ka yi matashin kai da shi. Ga ƙarshen wata ya matso, ga littafin Minazuki mai suna "Gawa a Bayan Kanta" jibge har ƙugu, a ɗan shagon da mutum biyu ba sa gifta juna sai da neman gafara.

Kuma wai a rasa wanda za a yi wa wannan cin fuska sai Tsuruta! Mutumin da ke gano mai kisa a cikin labari tun gawa ba ta huce ba. Mutumin da 'yan katunan da yake rubutawa yana kafawa a kan sababbin littattafan binciken kisa suka zame wa garin alƙali, a faɗarsa dai. Wani katin ya ce "A karanta." Wani ya ce "A karanta in jirgi ya yi latti." A kan na Minazuki kuwa ya rubuta: "Allah ya ji ƙan itatuwan da aka sare."

Laifin littafin a fili yake. Wanda aka kashe a ciki wani mai shago ne, cika-baki, mai rina gashi, wanda ba ya barin kowa ya kai aya sai ya katse shi da "bari in gaya maka."

"Ina aka taɓa ganin irin wannan wawan a duniya?" in ji Tsuruta, yana shafa sumarsa baƙa wuluk. "Marubuci ya riƙa fita yana ganin mutane mana. Ke ma da laifinki, Fumie. Wa ya ce ki yi odar wannan tulin?"

Matarsa tana bayan kanta, inda take tun ranar da aka buɗe shagon, tana naɗe wa wani littafi rigar takarda.

"Hannuna ne ya zarce, Maigida," ta ce.

Minazuki dai ba wanda ya san fuskarsa. Ba hoto, ba hira, ko lambar yabo aka ba shi sai dai a aika masa. Saboda haka Tsuruta ya yi lissafi irin na gwanaye: wani ɗan hassada ne ke shigowa yana kwaikwayon sa hannun don ya durƙusar da shi. Kuma ya san ko wane ne. Likita Onodera, tsohon mai cire haƙori, wanda kullum da la'asar yake zuwa da doguwar kwat da takunkumin fuska, ya karanta babi guda a tsaye, ya tafi bai sayi ko alƙalami ba.

Tsuruta ya tsince 'yan kwafin da suka tsira daga sa hannun, ya jera su kusa da kanta inda idon Fumie ke kai, shi kuma ya laɓe bayan littattafan girke-girke. Likita ya shigo. Ya ɗauki littafi. Ya sa hannu a aljihu. Tsuruta ya yi kukan kura ya cafke masa wuyan hannu.

Alewar tari ce ta faɗo.

"Genzo, ka haukace ne?"

"Bari in gaya maka, Likita, duk wanda ke ɓoye fuska…"

"Mura nake yi, sakarai! Kuma ina shafin ƙarshe ka ɓata mini. Wallahi littafin nan ya fi duk tarkacen da kake yabawa. Sai nake ji kamar na san mamacin."

"Ka san shi a ina?"

Likita ya dube shi tun daga suma har takalmi, ya tsinci alewarsa ya fita yana dariya har da tari.

Da Tsuruta ya koma kanta ya buɗe waɗanda suka tsira, sai ga tawada ko bushewa ba ta gama yi ba.

"Ke ba ki ga kowa ba?"

"Ba wanda ya zo kusa da su, Maigida."

Nan fa ya kira kamfani a Tokyo, ya zazzage musu. Jabu ne, ya ce, a turo wanda ya san hannun marubucin ya gani da idonsa, a kwashe masa wannan jaraba kafin wata ya mutu. Abin mamaki, da jin sunan shagon sai muryar mai amsa wayar ta yi laushi. Washegari editan littafin da kansa, wani Hasebe, ya sauka daga jirgin safe riƙe da kwalin kayan zaƙi na tsaraba. Tsuruta ya gyara kwala. Ashe dai Tokyo ta san da shi.

Hasebe ya buɗe kwafi ɗaya, ya buɗe wani, ya rufe a hankali.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Hannun na gaske ne. Ko ɗaya ba za mu iya karɓa ba."

Tsuruta ya miƙa hannu, ko kwalin ya rage masa zafi. Hasebe ya zagaye hannun, ya wuce har gaban kanta, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa katako, ya miƙa kwalin da hannu biyu.

"Malama, a gafarce ni da zuwa ba sanarwa. A ofis an matsa mini in tambaya: littafi na biyu, wa zai mutu?"

Fumie ta ninke kusurwar takarda, ta ɗago ta dubi mijinta.

"Shi ne dai," ta ce. "Ban gama da shi ba."