Tukunyar Da Ba Ta Son Ɗumi

"Wa ya kashe esi?" Injiniya ya faɗo ɗakin yana haki.

Na jingine tsintsiya. "Ni ce, yallaɓai. Goyona ke atishawa, ga ɗaki kamar firji."

Ya kunna na'urar sanyin da sauri, ya nuna wata tukunyar ƙarfe mai wayoyi. "Meza ke nan. Ita ke ƙara wa muryar kumbonmu ƙarfi daga can ƙuryar sama. In ta ɗumama, hayaniyarta sai ta danne muryar."

Tukunya da kunne? Kumbo da murya? Kaina ya ɗaure. Abu ɗaya na gane: kwanana uku da samun aikin shara, yau za a sallame ni.

Ya ƙura wa allo ido, gumi na tsatso masa. Can wani siririn layi ya motsa.

"Me kumbon ya ce?" na tambaya.

"Yana da rai. Shi ke nan."

"Au! Ashe yatsa kuke kara masa a hanci, kamar yadda nake wa yaron nan in barcinsa ya yi nauyi."

Ya dube ni, ya tuɓe rigar sanyinsa. "Lulluɓe shi, maman yaro. Gobe ki zo da bargo."