Awon Damtsen Inna Yagana

Hamsatu ta naɗa tef ɗin awo a damtsen tsohuwar, ta duba lambar sau biyu. Damtsen ya sake raguwa.

Wata uku ke nan tana zuwa wannan gida na Ƙofar Dumi, tun da aka sallami Inna Yagana daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki. Aikinta auna tsofaffi ne: nauyi, damtse, sha-raɓa, sai tambayoyin da ke kan takarda. Kowace amsa da makinta. A ɗakin mata na asibiti makin Inna ya kai goma sha ɗaya. Yau shida ne. Likita ya ce in ya sauka ƙasa da haka, komawa asibiti za ta yi, a zura mata robar abinci ta hanci.

"Inna, sau nawa kika ci abinci jiya?"

"Ba ta ci ba," in ji mijinta, Malam Modibbo. Kullum shi ke amsawa.

Yana zaune a bakin gadon, gwiwarsa na taɓa zanenta. Dardumarsa na shimfiɗe a gefe, don ko masallaci ya daina fita. Ya sallami matan maƙwabta da ke zuwa taimako, ya ce shi zai kula da abarsa. Mutumin da a da ko ruwa sai an kai masa zaure, yanzu shi ke dama fura.

Hamsatu ta lura da abin da takardar ba ta tambaya ba. Da zarar ya ɗaga ludayi, sai Inna ta juya fuska bango, ta damƙe baki. Ba ta kallon idonsa, ba ta kiran sunansa. Gwaji bai nuna wata cuta ba, haɗiyarta ma lafiya. Hamsatu ta taɓa ganin tsofaffin da ke tsoron masu jinyarsu, ta kuma san inda abin ke ƙarewa.

Ta zare batirin sikeli a ɓoye.

"Baba, batiri ya mutu. A taimaka a samo mana a bakin titi."

Ya daɗe yana kallon matarsa kafin ya ɗauki sandarsa.

Ƙarar takalminsa na ɓacewa, Hamsatu ta durƙusa, ta rage murya.

"Inna, ki gaya mini gaskiya. Me yake yi miki?"

Tsohuwar ta miƙa hannunta mai lafiya, ta jawo ƙwaryar furar, ta kafa kai. Sai da ta ga ƙasan ƙwaryar ta sauke, tana haki, tana leƙen ƙofa.

"'Yar nan, kar sunana ya ruɗe ki, ni Bafillatana ce," ta ce, tana goge baki da gefen mayafi. "Shekara hamsin da biyu ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, don kunya. Shi kuma bawan Allah, tun da na kwanta ya ƙi ya matsa daga kusa da ni."