Motar Dayyabu a Bayan Dutse

Har yanzu Zuwaira takan yi murmushi idan ta tuna ranar da ta fara ganin Dayyabu. Tana kan keken ɗinki ya yi sallama, babban mutum da gemunsa, ya ce ko za ta taimaka masa da guntayen soson da take zubarwa, zai cusa a tayoyin motarsa. Ta leƙa waje, ba ta ga mota ba. Sai ya buɗe jaka ya fito da ita: 'yar mota da ba ta fi kamu ɗaya ba, mai manyan tayoyi masu laushi kamar burodi, ana tuƙa ta da rimot. Shi ya harhaɗa abarsa a shagonsa na gyaran fanka, daga inji har fenti. "Allah ya shirya," in ji Zuwaira, ta ba shi soson.

Ashe abokin yayanta Sabitu ne. Duk Asabar da la'asar sukan haɗu a duwatsun bayan gari, samari da magidanta, kowa da 'yar motarsa, har da wani tsohon direban tirela. Ta bi yayanta don ta samo abin tsokana, sai ta tarar ba tsere ake yi ba. Rarrafe motocin suke yi irin na hawainiya: taya ɗaya ta ɗaga, ta lalubi dutse, ta kama, sannan 'yar'uwarta ta biyo. Tudun da mutum zai haye da taku ɗaya, a wurinsu tafiya ce mai nisa, ana shawara, ana gardama, ana kurɓar shayi. Kafin damina ta yi nisa ita ma ta iya riƙon rimot, Dayyabu kuma ya faɗa mata abin da ke ransa. Tana sonsa, ba ta musu. Sai dai ita mace ce da ba ta yarda da komai sai abin da idonta ya gani; ko awo aka aiko mata, sai ta sake gwada mai kayan da kanta. Ta yi ta ja masa rai, har iyayensa suka fara ce masa idan babu magana a nan, ya duba wani gidan.

Dokar wurin kuwa, ba a taɓa mota da hannu, direba kuma ba ya barin inda ya tsaya. Idan mota ta haye ƙoƙuwar dutse ta ɓace masa, sai ya koma kallon hannun wanda ya tsaya a can gefen yana yi masa nuni. Wata Asabar Dayyabu ya miƙa wa Zuwaira rimot, ya zagaya bayan wani dutse mai santsi, wanda kududdufi ya cika a gindinsa ta hagu. Kowa ya san idan motar ta faɗa ruwan nan, sai dai labari. Ta hau da ita lafiya, motar ta haye, ta ɓace. Maimakon ta dubi hannunsa, sai ta shiga ɗage tana miƙa wuya, yatsanta na kan totur.

"Tela, sassauta," in ji Sabitu. "Ba ɗinkin sallah ba ne."

Ta ji tsakuwa tana gangarawa, ta ji tsakuwar ta faɗa ruwa. Motar ta karkace, taya biyu a sama, saura ƙiris ta wuntsila. Tsohon direban ya ce, "Ɗauke abarka, yaro. Dokar ba ta kai a yi asara ba."

"Baba, ai tana da direba," in ji Dayyabu. Hannunsa zai kai ga motar ko bai sunkuya sosai ba, amma bai miƙa ba. Ya ɗaga shi sama a dunƙule, ya tsaya yana jiran ta dube shi.

Ta dube shi. Ya nuna mata hagu, wajen ruwan. Zuciyarta ta ce dama, hankalinta ma ya ce dama. Wa zai karya kan mota zuwa inda take shirin faɗawa? Abin da ba ta sani ba, motar da ta karkace a gangare, sai an juya kanta wajen gangaren tayoyinta suke komawa ƙasa. Ba ta ga dalili ba, hannunsa kawai ta gani, ba ya rawa. Ta karya hagu. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ta taɓa totur kamar mai zura zare a allura. Ya dunƙule, ta tsaya. Ya sake ɗagawa. Can sai ga hancin motar ya ɓullo ta gindin dutsen, busasshiya, tana rangaji kamar amarya. Wurin ya kaure da tafi.

Zuwaira ta sauko, ta miƙa masa rimot a gaban yayanta da kowa. "Malam Dayyabu," in ji ta, "ka ce wa manya su zo. Na yi maka alkawari, duk inda idona bai kai ba, hannunka zan duba."

To, ke mai cewa idonki ya ishe ki, ki sani kowace tafiya tana da bayan dutse. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.